Baƙin Taki a Gonar Baba

Shekara huɗu na yi ina aikin wankin ruwa. Haka Baba yake faɗa wa mutane in sun tambaye shi sana'ar ɗansa. Sai ya ƙara da cewa, "Mun kai shi karatun lakkwal har Yamai, yad dawo shina wankin ruwa. Ku tambaye shi da mi aka wanke ruwa." A yi dariya, ni ma in yi, don ba ƙarya ya yi ba.

Wurin aikin yana bayan garin Filinge, a gefen kwaltar da ta nufi Bonkuku. Wani kamfani ne mai tara baƙin mai da wanke motocin tanka masu ɗauko gazuwal, wato man dizal. Ruwan wankin nan baƙi ƙirin yake fitowa, da wari mai hawa kai, kuma doka ta hana a sake shi a fili, don a ƙasarmu ta dallol, wato kwari, ruwan rijiya ba shi da nisa da ƙafar mutum. Saboda haka aka gina mana kwatami uku na siminti. A na farko muna kwashe man da ya taso sama. A na biyu akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, muna busa musu iska da inji dare da rana, su kuma suna cinye sauran dattin. A na uku ne ake da abin da muke kira mambaran, wato damin farin zare siriri mai rami a ciki, jikinsa duk ƙofofi ne da ko ƙwayar cuta ba ta iya bi. Famfo ya tsotso ruwa ta cikin zaren, ya fito garau, laka da halittun nan su tsaya a baya.

Baƙi in sun zo, ruwan suke kallo suna mamaki. Ba wanda yake tambayar inda dattin ya tafi. To, yana cikin lakar. Duk abin da halittun suka kasa ci, dalma da 'yan uwanta da daskararren mai, can yake taruwa. Mukan kwashe lakar mu shanya a dandamalin siminti bayan kwataman, in ta bushe mota ta zo ta kai ta inda ake binne irinta. In ta bushe kuwa, wallahi ba ka ce datti ba ne. Baƙa ce, tana marmashewa a hannu, tana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Sai ka jiƙa ta ka murza kake jin gazuwal.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Kurfai, rabin awa a babur daga wurin aikin. Baba da Inna suna can. A shekarar da nake ba da labari, ɗiyata ma tana can, don ta cika shekara biyu an kai ta yaye wurin kakarta kamar yadda aka saba, ni da uwarta muna zaune a Filinge. Inna ta riƙe ta ta ƙi maidowa, mu kuma ba mu matsa ba.

Gonar Baba ta gaji. Da can Fulani sukan sauka a cikinta da rani, shanu su kwana su bar taki, Baba ya ba su damin hatsi. Da daji ya lalace sai suka canza hanya, shekara uku ba kofato ɗaya da ya taka gonar. Baba ya zama mutum mai bin kashin jaki a hanya da ido. Na san wannan sarai, kuma da na yi hankali da na haɗa shi da abin da ya biyo baya.

Wata ranar kasuwar Filinge, cikin bazara, Baba ya biyo da amalankensa ya ga wurin aikina. Maigadin ƙofarmu taubashinsa ne, tun suna yara suke zagin juna, shi ya shigo da shi yana cewa, "Ga bawana na kawo muku, ku ba shi tsintsiya." Na zaga da Baba ko'ina. Ruwan bai burge shi ba, zaren bai burge shi ba. Da muka zo bayan kwataman ya ga tarin busasshiyar laka, wadda mota ta yi wata biyu ba ta zo ɗauka ba, sai ya tsaya cak. Ya duƙa ya damƙo, ya murza, ya kai hanci.

Na ce, "Baba, aje shi. Wanga ba taki ba na, dattin mai na."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Shekara nawa nika noma? Kai da hannunka yam mance hauya za ka gwada min taki?"

Maigadi ya kwashe da dariya, abokan aikina biyu suka taya shi. Ni ma sai na yi dariya na bar maganar, don ban so a ga ina yi wa ubana faɗa a gaban mutane. Ban ce masa guba ce ba. Ban ce masa kada ya kuskura ba. Na ce dattin mai, na yi dariya, muka wuce. Wannan dariyar har yau in na tuna ta sai na ji kamar in mari kaina.

Bayan kwana kaɗan aka tura ni Yamai na mako uku, koyon yadda ake wanke sabon mambaran da aka kawo mana. Da na dawo na ga tarin ya ragu, na ɗauka mota ce ta zo ta ɗebi rabi. Ban tambayi kowa ba.

Damina ta yi kyau a shekarar. Duk ranar hutu nakan je gida, in tarar da ɗiyata a cinyar Inna, ta yi ƙiba, hannunta dumu-dumu da miyar sure, wanda wasu ke kira yakuwa. Ta ƙi nono ta kama miya, Inna tana alfahari da haka. Ni ma in zauna in ci tuwo in suɗe hannu. Baba kuwa ba shi da zance sai na gindin gona, wajen babban gawo, wai hatsin wurin ya fi mutum da hannu a miƙe. In ce masa madalla. Ban taka gonar ba duk daminar, kullum da uzurina.

Sai da kaka, ranar kwasar damman ƙarshe, kunya ta kai ni. Na gangara gindin gona ina neman inuwar gawo, sai na ga wani abu fari ya maƙale a kututturen kara. Zare ne, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Na ɗauka na duba bakinsa, na ga ramin. A duk ƙasar Kurfai wuri ɗaya ne kawai ake da wannan zaren, kuma ni nake tsince guntayensa in sun tsinke sun bi laka. Na durƙusa na tona da hannu. Ƙarƙashin yashi ga baƙin marmashi nan ko'ina. Na tofa masa yawu na murza na shinshina, sai ga warin gazuwal.

Na iske Baba a bakin rumbu yana miƙa dami. Na nuna masa zaren. Bai ko yi musu ba.

"Amalanke ukku na," ya ce. "Taubashina yab buɗe min ƙohwar baya. Mun san in kaj jiya za ka yi muna surutun 'yan lakkwal. To ga shi, gani ya kori ji. Dibi zangarniyag ga."

"Baba, akwai guba cikinai. Akwai darma. Wane dami da wane dami anka ɗauko daga gindin gawo?"

Ya nuna rumbun da haɓa. Duk an haɗe su, na gindi da na tudu, an jera tun kwana huɗu. Abincin gidan na shekara guda ke nan a ciki, kuma ba mai iya ce maka ga mai guba ga marar guba.

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce a rufe rumbun, kada kowa ya ci, in ta kama a ƙone shi. Da na ce a ƙone, sai ya sauko daga kan turmin da ya taka, a hankali, ya zo dab da ni.

"Gidan ga ba a taɓa sa ma hatsi wuta ba," ya ce. "Ko shekarar da munka ci dussa ba mu zub da ƙwara guda ba. In ka sake hwaɗin haka, ka koma Filinge."

Na koma ina magiya. Na ce ya ba ni lokaci in kai ƙasar da hatsin a auna. Ya dubi ɗiyata da ke wasa da zangarniya a gindin rumbun, ya karɓe ta daga hannunta. Sannan ya yanke hukunci irin nasa. Akwai sauran tsohon hatsi na bara, gidan zai ci gaba da cin wannan. Sabon kuwa shi kaɗai zai ci, har takardata ta zo.

Wannan ba sabon abu ba ne a gidanmu. Kakana bai yi salla ba har ya mutu, yana kan al'adar kakanninsa, kuma a wurinsa ba a cin sabon hatsi sai maigida ya fara sa shi a baki. Baba yana salla, yana azumi, ya bar kusan duk abin da ubansa yake yi, amma wannan ɗaya bai bari ba. Kowace shekara shi ke fara shan furar sabon hatsi, da safe, a tsaye a bakin rumbu. Bana sai ya ce zai tsawaita abin.

"In da mugun abu ciki, ni za shi hwara iskewa," ya ce. "Amaryata ba ta taɓa shi." Haka yake kiran jikarsa.

Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Na ce irin wannan guba ba ta kayar da mutum rana ɗaya, taruwa take yi a jini da ƙashi, sai bayan shekaru ta nuna kanta. Na ce cinsa ba zai gwada komai ba, zai dai cuci kansa a banza. Ya ce to, in a hankali take zuwa, shi tsoho ne, kafin ta iso ya riga ta tafiya. Ya sa Inna ta ware masa turmi daban da ƙwarya daban.

Washegari da sassafe na je wurin shef ɗinmu ta labo, wato shugabar ɗakin gwaje-gwaje, wata dattijuwar Bazabarma mai faɗa da gaskiya. Na faɗa mata komai, har dariyar da na yi. Ta dube ni ta saman tabarau har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta zage ni ba. Ta ba ni robobi masu murfi ta ce in ɗebo ƙasa daga wuri biyar, da hatsi daga sama da tsakiya da ƙasan rumbu, za ta aika Yamai. Tana cike takarda ta tambaye ni, "Mi anka shuka wurin?"

"Hatsi."

"Hatsi kaɗai?"

"Hatsi kaɗai, shef. Wake yana tudu, takin bai kai can ba."

Ta rubuta. Ban yi ƙarya ba a sanina. A wurinmu in ka tambayi namiji abin da ke gonarsa, hatsi zai ce maka, in ya ƙara ya ce wake. Haka na ji ana faɗa tun ina yaro, haka na faɗa.

Kwana goma sha tara aka yi kafin amsa ta zo, kuma ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Kullum in na tashi aiki da la'asar sai in hau babur in nufi ƙauye. In iske Baba a kan buzunsa da ƙwaryarsa ta daban, yana sha yana kallona da gangan, har da lashe ludayi. In zauna kusa da shi ina duban hannunsa ko yana rawa, ina duban farin idonsa. Na karanta cewa dalma takan bar shuɗin layi a dasashi, sai na ce ya buɗe baki in gani. Ya wangale shi ya ce, "Dibi da kyau. In za ka saye, jakin ga tsoho na, amma shina da sauran ƙarhi." Inna ta yi dariya daga madafa. Ni ban iya dariya ba, wannan karon na koyi darasi.

Rana ta tara aka kira ni a waya wai Baba yana kwance da ciwon ciki. Ban san yadda na kai ƙauyen ba. Na bar injin iska ba kowa a kansa, na faɗi sau ɗaya a yashi, na tashi da jini a gwiwa na ci gaba. Duk hanya ina cewa na kashe ubana, na kashe shi da dariya. Na iske shi a zaune yana jan carbi. Ashe ɗanyar gyaɗa ya ci ta wuce kima a gonar maƙwabci. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka kamar yaro, Inna ta biyo ni da ruwa a moɗa.

A wurin aiki ma ban da sukuni. In tsaya a bakin famfon ƙarshe ina kallon ruwan nan garau yana zuba, in ji na tsane shi. Shekara huɗu ina nuna wa baƙi shi ina washe baki, alhali abin tsoron yana bayana a shanye. Maigadi ya daina haɗa ido da ni. Wata rana ya tare ni a ƙofa ya ce, "Ɗana, wallahi alheri niy yi nuhi. Bawana na, yar roƙe ni, ƙaƙa zan hana shi?" Na san gaskiya ya faɗa. Taubashi ba ya hana taubashi abin da aka zubar a bayan gida. Na wuce shi, don in na buɗe baki ba alheri zai fito ba.

Abu ɗaya ne yake kwantar min da hankali a kwanakin. In na dubi ɗiyata a cinyar Inna tana cin tuwon tsohon hatsi, sai in ce ko ba komai ita ta tsira. Nakan tsaya a kan Inna in tabbatar daga buhun bara ta ɗebo, in duba turmin, in duba muciya. Har ta gaji da ni ta ce in na ƙara leƙa mata tukunya za ta ɗaura min zani.

Ranar ta goma sha tara, wajen hantsi, shef ta kira ni ofis ta miƙo min takarda. Ta ce ƙwayar hatsin ba ta ɗauki abin da zai cutar ba, ana iya ci. Ƙasar gindin gona kuwa ta gurɓace, sai an kwashe ta. Na ji maganar farko, sauran ta bi iska. Na karɓe takardar na ninke na sa aljihu na fita da gudu. Na ji tana kirana tana cewa in karanta har ƙasa, na ɗaga mata hannu ina tada babur.

Baba ya ji labari ya miƙe tsaye ya gyara hula. "To, malamin ruwa, wa yaf fi wani sanin taki?" Ya aika a kira taubashinsa, wanda ranar yake hutu, ya ce Inna ta ɗebo sabon hatsi ta yi tuwo na gida duka. Na bar shi ya yi ta cika baki, don ni ma ji nake kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Na taya Inna ɗauko itace, abin da rabona da yi tun ina ɗan lakkwal.

Da la'asar aka kawo tuwo. Muka zauna a inuwar zaure, ni da Baba da taubashinsa, ɗiyata ta baro kakarta ta zo ta zauna a ƙafata ta tsoma hannu a kwanonmu. Baba ya ce in fiddo takardar in karanta musu da Hausa, tun daga sama har ƙasa, don wannan bawan nasa ya ji da kunnensa. Na buɗe ina fassarawa layi layi. Hatsi lafiya. Baba ya ce a maimaita wurin, na maimaita. Ƙasa ta gurɓace, a kwashe. Ya ce wannan zancen 'yan lakkwal ne. Sai na zo layin ƙarshe, wanda aka ja wa layi da jan biro. An ce kada a ci ganyen duk wani abu da ya tsiro a ƙasar nan, don ganye ya fi ƙwaya jan dalma, ƙurar wurin kuma tana manne masa. An ce a kiyaye ƙananan yara musamman.

Na karanta shi da Faransanci a zuci, ban fassara ba. Na dubi kwanon. Miyar sure ce. Ɗiyata ta cika hannu tana kaiwa baki.

Na buge hannun. Ban taɓa dukanta ba sai ranar, kuma da ƙarfi na buge, har lomar ta faɗa a rigar Baba. Ta tsala ihu. Inna ta fito da gudu da muciya a hannu tana tambayar abin da ya sami yarinya.

Na ce, "Inna, suren ga, ina kinka ɗebo shi?"

"Ina hwa? Wurina na kullum, gindin gawo. Bana ko ban taɓa ganin sure awa nai ba, ganye kamar tahin hannu. Mi yaf faru?"

Tun kafin a haife ni Inna take da wannan wurin. Kowace damina takan bi bayan masu shuka da 'yar ƙwaryarta ta jefa irin sure da kuɓewa a gefen gonar, inda ƙasa ta fi laima. Nata ne, ba ya shiga rumbu, ba a fidda masa zakka, ba a kiransa amfanin gona. Na san da shi kamar yadda na san sunana. Tun watan farko na damina take tsinko shi ɗanye tana miya, tana kwaɗo, da kaka ta shanya sauran a kan rufin ɗaki. Wata huɗu ke nan kullum sai ya shiga tukunya. Baba ya ci, ni na ci, Inna ta fi mu ci. Wadda ta ƙi nono ta kama miya kuwa, ita ba ta da wani abinci da ya wuce shi.

Na fassara musu layin. Taubashin Baba ya tsame hannunsa daga kwano ya riƙe shi a sama kamar ba nasa ba. Baba ya dubi jikarsa da ke kuka, ya buɗe baki zai kira ta da sunan da ya saba, ya kasa. Inna ta ajiye muciya ta ɗauki yarinyar ta goya, ta jawo turmi ta taka, ta sauko da buhun busasshen sure daga rufin ɗaki ta dire shi a gabana. Sannan ta shige ɗaki da goyonta ta saki labule.

Da gari ya waye, kafin in samo motar da za ta kai mu Yamai, Baba ya riga ya tafi gona da amalanke da shebur. Shi da taubashinsa suka yi kwana shida suna kankare gindin gawo suna mai da ƙasar inda suka ɗauko ta. An ce min duk kwanakin ba wanda ya zagi wani a cikinsu.

A Yamai aka ɗebi jinin Inna da na yarinyar. Sai da muka kwana uku a gidan wani ɗan garinmu kafin likita ta kira mu. Ta ce akwai dalma a jinin yarinyar fiye da yadda ake so, amma ba ta kai inda za a kwantar da ita ba. Ta ba da magani da shawarar abinci, ta ce a riƙa dawo da ita ana aunawa. Na tambaye ta ko abin zai taɓa mata kai, ko zai hana ta karatu. Ta ce ba ta iya yi min alkawari ko ta wane gefe, sai yarinya ta girma a gani. Na sake tambaya ta wata hanyar, ta sake ba ni amsar nan.

A motar dawowa Inna tana gefen taga da yarinyar a cinya, ni ina kusa da ita. Tun ranar tuwon nan ba ta yi min magana mai tsawo ba. Mun wuce Baleyara, ana ta loda awaki a saman motoci, sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Kwana goma sha tara kuna zancen gonag ga bisa kaina, kai da ubanka. Ka leƙa min tukunya, ka leƙa min turmi. Ba wanda yat tambaye ni mi nika da shi cikin gonar."

Shef ta tambaye ni sau biyu, hatsi kaɗai, na ce hatsi kaɗai. Da na ce da suren Inna, da tun ranar an sauke buhun nan daga rufi.

Yanzu ɗiyata tana aji biyu. Tana gudu, tana tsiwa, jinin ya sauka kamar yadda likita ta so. Malaminsu ya ce ba ta gaba ba ta baya. Amma in na kira ta ba ta amsa da wuri ba, ko ta tsaya tana neman wata kalma a littafi, sai in kafa mata ido har ta ce, "Baba, lahiya?" In ce lafiya lau, ci gaba. Inna ba ta ƙara shuka sure ba. Duk ranar da na kira ta a waya, kafin ta tambayi lafiyata ko ta uwar yarinyar, sai ta rage murya ta ce, "Tana gane karatun?"